Buhun Sanyi Da Buhun Basir

 

Maganar yau ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai kalmomi biyu da muka mayar buhuna a rubuce-rubucenmu. Duk cutar da ba mu gane kanta ba sai mu cusa ta a ɗaya daga ciki mu ɗaure baki. In ciwon a gwiwa yake, ko baya, ko ƙugu, ko yatsu, sunansa sanyi. In a ciki yake, da murɗa da gudawa ko jini a bayan gida, sunansa basir. In kuma muna son labari ya yi armashi, sai mu haɗa buhunan biyu mu aza wa kishiya, mu ce ita ta yi jifa.

Ku duba littattafan da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Marubuciya za ta ci shafi biyu tana lissafa kayan lefe. Ta san sunan kowane leshi da kowane turare, ta san irin motar da jarumi ya hau da otal ɗin da ya sauka a Dubai. Amma da zarar an kai jaruma asibiti, ilimi ya ƙare. Likita zai fito yana share gumi ya ce jininta ya hau, zuciyarta ta kumbura, a guji ɓata mata rai. Shi ke nan an gama da likitanci. Kafin a shiga shafi na gaba kuma ga tallar wani garin magani mai wanke sanyi kowane iri, tun daga ƙaiƙayi da ciwon mara har ciwon gaɓoɓi da rashin haihuwa, a tura kuɗi ta wannan lamba.

Ni a wurina wannan lalaci ne, kuma mai karatu ke biyan kuɗinsa da lafiyarsa. Akwai yarinyar da ba ta taɓa zama gaban likita na minti goma ba, amma ta karanta littattafanmu ba adadi. Abin da ta sani game da jikinta, da yawansa daga bakinmu ta ji shi. Don haka zan ɗauki cuta guda in nuna irin ɓarnar da buhunan nan ke yi. Cuta ce da ke kama hanji da gaɓoɓi tare, mu kuma muke raba ta gida biyu saboda ba mu san abu ɗaya ba ne.

Likitoci suna da wasu cututtuka biyu da suke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya, wato kumburin hanji mai daɗewa. Ba tsutsar ciki ke kawo su ba, ba a kuma ɗaukar su daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta riƙa kai wa bangon hanjinsa hari har ya kumbura ya yi gyambo. Gado yana da hannu a ciki, haka ma irin ƙwayoyin da ke zaune a hanji, da yanayin rayuwa. Ta farko ana ce mata kolaitis mai gyambo. Babban hanji kaɗai take kamawa, tana farawa daga dab da dubura ta yi sama. Wani likitan Landan mai suna Samuel Wilks ya bayyana ta tun 1859. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta ci sunan likita Burrill Crohn, shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa bayaninta a Amurka a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji.

Alamominsu su ne gudawar da ta ƙi tsayawa mako da makonni, sau da yawa da jini da majina, da murɗar ciki, da tashi cikin dare a ruga bayan gida, da rama, da zazzaɓi sama-sama, da ƙarancin jini. Sun fi fara bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 35, daidai shekarun jaruman littattafanmu. Ciwon yakan taso, ya lafa, ya sake tasowa. Wannan lafawar ce kasuwar mai tallan magani, domin duk abin da aka sha ana gab da samun sauƙi, shi za a ce ya yi aiki.

To ina ruwan hanji da gwiwa? Kaso mai yawa na dakarun garkuwar jiki a bangon hanji suke zaune, saboda ta nan abinci da ƙwayoyin cuta ke wucewa kullum. Idan hanji ya kumbura, dakarun da suka harzuƙa ba sa tsayawa a inda suke. Suna bin jini, wasu su yada zango a gaɓa, su kunna irin wutar da suka kunna a hanji. Shi ya sa cikin matsalolin da cutar ke haifarwa a wajen hanji babu wadda ta kai ciwon gaɓoɓi yawa. Ana ƙiyasta yana iya shafar har kusan mutum 3 cikin 10 na masu ita.

Shi kansa ciwon gaɓoɓin ba iri ɗaya ba ne. A 1998 wasu likitoci a Oxford suka raba na hannu da ƙafa gida biyu. Na farko yana kama manyan gaɓoɓi ƙasa da biyar, yawanci gwiwa da idon sawu, su kumbura su ɗau zafi. Yana tasowa lokacin da hanji ya taso, ya lafa cikin makonni idan an kwantar da hanjin. Na biyu yana kama gaɓoɓi biyar ko fiye, musamman ƙanana na yatsun hannu, dama da hagu. Yana iya ɗaukar watanni ko shekaru, kuma ba ruwansa da ko hanji ya lafa ko bai lafa ba.

Akwai kuma wanda ke kama ƙashin baya da mahaɗar ƙugu, kuma halinsa ya cancanci kowane marubuci ya riƙe shi, don ya saɓa wa ciwon bayan da muka saba gani. Ciwon bayan ɗan dako ko manomi aiki ke tayar da shi, hutu ya kwantar da shi. Wannan kuwa kwanciya ke tayar da shi. Yana ta da mutum daga barci a ƙarshen dare, da asuba baya ya sandare fiye da rabin awa, sai an motsa an ɗan taka sannan ya saki. Saurayin da ke kasa ruku'u a sallar asuba amma a gan shi a filin ƙwallo da yamma, a gida za a ce son jiki ne, mu kuma mu rubuta sanyi.

Ba a nan ta tsaya ba. Jijiyar dunduniya na iya kumbura har mutum ya kasa taka ƙasa da safe. Yatsa guda na iya kumbura gaba ɗayansa. Ido na iya yin ja da zogi ya ƙi haske, kuma wannan in an yi sakaci yana iya taɓa gani. Wasu jajayen kumburi masu zafi kan fito a ƙwauri, baki ya yi ƙananan gyambuna. Wani lokaci ma gaɓoɓi ke fara kuka, hanji bai nuna komai ba sai bayan shekaru.

Ciwon tsoka da kasala su ma suna da hanyarsu. Hanjin da ke tsiyayar da jini yana ƙarar da sinadarin ƙarfe na jiki, jini ya yi ƙasa, mutum ya hau bene ɗaya yana haki. Ƙarshen ƙaramin hanji, inda cutar Crohn ta fi zama, nan ne jiki ke tsotse bitamin B12. Gudawa mai tsawo tana wanke gishirin jiki irin su fotashiyam da maganiziyam, tsoka ta riƙa ɗaurewa. Ƙarancin bitamin D kuma yana sa ƙashi da tsoka ciwo. Ko ɗaya daga cikinsu ba kwana a kan siminti ya kawo shi ba, ba kuma wanka da ruwan randa ba.

Wani zai ce mene ne a ciki in an kira shi sanyi, ai suna ne kawai. Suna shi ke nuna wa marar lafiya ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda aka ce wa sanyi ne, kemis zai nufa ya ce a ba shi na ciwon jiki. Abin da za a ƙulla masa a leda shi ne ibufurofen ko dikilofenak ko firoksikam. Waɗannan suna rage ciwon gaɓa, babu musu, amma a jikin mai kumburin hanji suna iya tayar da ciwon hanjin su ƙara zubar jini, ban da abin da yawan shansu ke yi wa tumbi da ƙoda. Gwiwa ta yi sauƙi kwana biyu, gudawa ta ƙaru. Sai a koma buhu na biyu, a ce basir ne ya motsa, a sayo jiƙo mai sa zawo wai don a wanko dattin ciki. Mutumin da ya gaji da zaryar bayan gida, an ƙara masa zarya da kuɗinsa.

Sannan ga ƙullin nan da ake kira haɗi ko maganin gajiya, wanda sau da yawa akwai dekza ko firedinisolon a cikinsa. Likitoci ma suna ba da irin waɗannan idan ciwon ya taso, amma na ɗan lokaci, da awo, kuma a janye a hankali. Wanda ya riƙa shan su da kansa wata da watanni, ƙashinsa zai yi ta zaizayewa, tsokar cinyarsa ta yi rauni, sukari da jini su hau, kan ƙashin cinya da ke shiga ƙugu yana iya mutuwa. Fuska kuma ta cika, mutanen unguwa su ce ai ya warke, ga shi har ya yi ƙiba.

Alhali akwai magani na gaskiya, kuma tarihinsa kaɗai ya isa darasi. Wata likita 'yar Suwidin mai suna Nanna Svartz ita ta jagoranci samar da maganin salfasalazin a ƙarshen shekarun 1930 don amosanin gaɓoɓi, sai aka tarar yana kwantar da kolaitis. Har gobe ana ba da shi ga cututtukan biyu. Allurar infiliksimab kuma, Amurka ta amince da ita a 1998 don cutar Crohn, shekara guda bayan nan ta amince da ita don amosanin gaɓoɓi. Likitanci ya san hanji da gaɓa 'yan gida ɗaya ne tun kafin a haifi iyayenmu. Mu ne muke nan muna raba musu buhu.

Na san abin da za a jefo mini: ai cutar Turawa ce. Gaskiya ne an fi samun ta a Turai da Arewacin Amurka. Shugaban Amurka Eisenhower an yi masa tiyata saboda cutar Crohn a 1956 yana kan mulki, masu kallon ƙwallo kuma sun tuna yadda kolaitis ta zaunar da Darren Fletcher na Manchester United a ƙarshen 2011. Amma Shinzo Abe ba Bature ba ne, kuma kolaitis ce ta sa ya ajiye muƙamin firaministan Japan a 2020, bayan ta taɓa sauke shi a 2007. Cutar tana ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka yayin da birane ke girma, cima ke sauyawa, kuma asibitocin koyarwa na Najeriya sun ba da rahoton masu ita. Ba a tabbatar da ita sai an zura na'ura mai kyamara an leƙa hanji, an ɗebo ɗan nama an auna. Garin da babu wannan na'ura, a takarda babu mai cutar. A cikin gidaje kuwa suna nan kwance, ana musu jiƙon basir.

Ba cewa nake duk mai gudawar jini wannan cuta gare shi ba. A ƙasarmu atuni ya fi ta yawa nesa ba kusa ba. Tarin fuka yana kama hanji ya yi kama da cutar Crohn har ya ruɗa likita. Akwai tsargiyar hanji, akwai sankarar hanji, akwai basir na gaskiya, wato jijiyoyin jinin dubura da suka kumbura. A ɓangaren ƙashi kuma akwai sikila. Wannan ai shi ne dalilin da ya sa bai halatta marubuci ko mai talla ya yanke hukunci daga nesa ba. Maganin da zai kwantar da kolaitis, in aka ba mai atunin amiba ko mai tarin fukan hanji ba tare da an auna ba, yana iya kai shi lahira.

Kuma ko mun cire cutar Crohn da kolaitis gefe, alaƙar hanji da gaɓa tana nan a tsakar gidanmu. Mutum zai yi atuni ko gudawar gurɓataccen abinci ya warke. Bayan mako ɗaya zuwa huɗu sai gwiwa ko idon sawu ya kumbura, wani har da jan ido da zafin fitsari. Likitocin Faransa da na Jamus sun bayyana wannan a jikin sojoji tun 1916, lokacin yaƙin duniya na farko. Ƙwayoyin da ke jawo shi, irin su shigela da salmonela, su ne dai waɗanda ke yawo a ruwan sha da abincin da ƙuda ya hau duk damina. Wa zai tuna ya gaya wa likita ya yi gudawa watan jiya, alhali kowa ya riga ya gaya masa sanyi ne?

Yanzu bari in juya kan 'yan bokon cikinmu, masu buɗe shafin lafiya. Su ba sa cewa sanyi, sun fi ƙarfin nan. Su sai su kwaso rubutun Turanci daga intanet, su ba na'ura ta juya, su manna: alkama guba ce, madara guba ce, ka daina su ciwon gaɓoɓinka zai tafi. Sun ɗinka buhu na uku ke nan, sun sa masa suna rashin jituwa da abinci. Abubuwa ne daban-daban suka cakuɗa, kuma bambancinsu yana da muhimmanci.

Akwai cutar siliyak, kuma cuta ce ta gaske. Garkuwar jikin mai ita tana harzuƙa idan ya ci gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, ta lalata bangon ƙaramin hanji. Abinci ya daina shiga jiki, sai gudawa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, raunin ƙashi, yaro ya ƙi girma, wasu kuma har da ciwon gaɓoɓi da tsoka. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. A yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 burodi ya ɓace a ƙasarsu, yaran da ke da cutar suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwo ya dawo. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita. Kuma ba ta Turawa kaɗai ba ce: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu kashi 5.6 cikin 100, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu. Mai wannan cuta dole ya bar alkama har abada: burodi, taliya, gurasa, alkaki, fanke, cincin, tuwon semo, kuskus, har ɗanwaken da aka sa wa fulawa. Sa'arsa ɗaya, gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo da doya duk babu gulutin a cikinsu. Amma da gwajin jini da leƙa hanji ake gano ta, kuma wanda ya daina cin alkama kafin gwaji yana iya ɓata sakamakon, a ce masa lafiyarsa ƙalau. Kun ga mai shafin da ya ce kowa ya daina burodi ya gani, ya rufe wa mai cutar ƙofar ganewa.

Sai rashin narkar da sukarin madara. Wannan ba cutar garkuwar jiki ba ce. Sinadarin da ke narkar da sukarin ne ke raguwa bayan yaye, kuma haka kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya suke. Binciken da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka wallafa a 1971 kan ƙabilun Najeriya ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi har girmansu, yawancin Hausawa da Yarbawa kuwa ba sa yi. Abin da yake jawowa shi ne kumburin ciki, ƙugi, tusa da zawo bayan an sha madara da yawa. Nono da kindirmo sun fi sauƙi a ciki saboda tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin, shi ya sa wanda shayi mai kaurin madara ke ɓata wa ciki yakan sha fura da nono ya kwana lafiya. Ba ya yi wa hanji gyambo, ba ya sa jini a bayan gida, kuma babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa yana kumbura gwiwa. Wanda gwiwarsa ta kumbura aka ce masa madara ce, an ɓata masa lokaci.

Shi kuma mai cutar Crohn ko kolaitis, wasu abinci suna ƙara masa zarya lokacin da ciwon ya taso, amma barin abinci kaɗai ba ya warkar da shi. Mutumin da ya riga ya rame, jininsa ya yi ƙasa, ƙashinsa na neman sinadari, ka zo ka hana shi nono da burodi da wake da ƙwai saboda wani rubutu da kai ma ba ka gane ba, ka taya cutar aiki.

Wasu za su ce mu marubuta ne, ba likitoci ba. Haka ne. Mu ba teloli ba ne, amma ba ma rubuta cewa an ɗinka shadda da tabarya. Mu ba alƙalai ba ne, amma wanda zai rubuta zaman kotu yakan nemi lauya ya tambaya. Me ya sa jikin ɗan Adam ne kaɗai ba ya cancanci tambaya? Kusan kowannenmu yana da nas ko likita ko ɗalibin likitanci a lambobin wayarsa.

Wasu za su ce sanyi kalmarmu ce, raina ta raina Hausa ne. Ni kuwa cewa nake masu cusa komai a sanyi su ne suka raina Hausa. Harshen da ke da zogi daban, raɗaɗi daban, suka daban, tsamin jiki daban, sandarewa daban, ɗaurewa daban, murɗa daban, ƙullewa daban, wanda ya raba atuni da zawo, ya raba amosani da targaɗe, ba shi ne matalauci ba. Kakar da ke ƙauye in ta faɗa maka ciwonta za ka san inda yake da lokacin da yake tasowa. Mu masu alƙalami ne muka tattara wannan dukiya muka sayar a kan kalma ɗaya.

Wasu za su ce ko kana musun sammu ne? Ban zo musun abin da addini ya tabbatar ba. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, kuma addinin ne ya umarce mu da neman magani. Abin da nake ƙi shi ne a ce cikin littafi bayan littafi ba a taɓa samun ciwon da likita ya gano ba, kullum sai an ce an auna ba a ga komai ba, sai an tono laya a gindin murhu. Mai karatun da ta tashi a kan wannan, ranar da ƙanwarta ta fara rama da gudawar jini, matar baba za ta fara kallo. An rasa lafiya, an kuma rasa zumunci.

Masu cewa talla ce ke ciyar da su kuma, na san rubutun onlayin ba ya kawo abin kirki, na san kuɗin data ma wahala yake. Tallata atamfa, tallata turaren wuta, tallata kayan kicin. In atamfa ta yi zuba, an yi asarar kuɗi ne kawai. Amma kada ka sa sunanka da amanar masu karatunka a kan garin da ba ka san abin da ke ciki ba, wanda aka ce shi kaɗai yana maganin cuta goma sha.

Abin takaicin shi ne, gaskiyar ta fi ƙaryar daɗin labari. A ce amarya ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, wata uku da tarewa a gidan yawa mai bayan gida ɗaya. Tana tashi sau uku cikin dare, tana tafiya a kan yatsun ƙafa kada facaloli su ji ƙarar buta. Alwala ba ta zama. Gwiwa ta kumbura, bayan gidan kuma na tsuguno ne. Ta kasa durƙusawa ta gaida surukarta, aka ce girman kai ne. Ta fara salla a zaune, aka ce ƙarya ce, ai jiya an ga ta yi shara. Ta rame, unguwa ta fara raɗe-raɗin ƙanjamau. Azumi ya zo tana lissafin yadda za ta yi. Mijin yana sonta amma ya gaji da sayen ƙulli a kemis. Kuma duk likitan da ta je wurinsa, gwiwar kaɗai take nuna masa, saboda kunya ta hana ta faɗin abin da take gani a bayan gida. Ranar da wata nas ta tambaye ta yaya cikinki, ranar labarin zai juya. Ku gaya mini wace laya ce a gindin murhu za ta kama zuciyar mai karatu kamar wannan.

In mai karatu guda ta rufe littafin ta san cewa gudawar da ta wuce wata guda, ko jini a bayan gida, ko rama ba dalili, in suka haɗu da kumburin gaɓa ko sandarewar baya da asuba ko jan ido mai zogi, magana ce ta asibiti, kuma a faɗa wa likita duka biyun a zama ɗaya ba tare da kunya ba, to littafin ya biya kuɗin datar da ta saya.

Roƙona gare mu bai da yawa. Kafin ka sa wa jarumarka ciwo, ka san sunansa da halinsa, ka tambayi wanda ya sani. Kafin ka manna bayanin lafiya, ka tabbata kai ka gane shi. Kafin ka karɓi kuɗin tallar magani, ka tambayi kanka ko za ka ba mahaifiyarka ta sha. Wanda yake ganin na zafafa, fili nasa ne, ya zo da hujja mu tattauna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su zame mana hujja ranar gobe. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.